Kira ga masu fassara labarai kan kalmomin kora na Turanci

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da dukan ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu domin in ja hankalin masu fassara mana labarai daga Turanci a kan wani rukuni na kalmomi da nake ganin ana yi musu riƙon sakainar kashi, wato kalmomin da Bature yake amfani da su idan za a tilasta wa mutum barin wuri. Na daɗe ina aikin tafinta a kotu kafin in yi ritaya, kuma a can na gane cewa kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi tana tafe da da'awa a cikinta. Tana faɗin wanda yake da ikon yin korar, tana faɗin matsayin wanda aka kora, wani lokaci kuma aikinta shi ne ta ɓoye cewa an yi korar ma. Idan mai fassara ya tattara su duka ya ce "an kori wane", ko kuwa ya ɗauki kalmar da hukuma ta zaɓa ya juya ta yadda ta zo, to ya taya mai ƙarfi yaɗa da'awarsa, ko ya sani ko bai sani ba.

Kalmar da aka fi wasa da ita ita ce "deport". A shari'a baƙo ake yi wa wannan, wato mutumin da ba ɗan ƙasa ba, a fitar da shi daga ƙasar da yake zaune a mayar da shi tasa. Saboda haka duk wanda ya ce an yi wa mutum "deportation", ya riga ya yanke hukunci cewa mutumin baƙo ne. Dattawan da suka ga Jamhuriya ta Biyu ba za su manta da Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman ba, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Jihar Borno a ƙarƙashin jam'iyyar GNPP, wanda jami'an shige da fice suka ɗauke daga Maiduguri a watan Janairun 1980 suka tsallaka da shi iyaka zuwa Chadi, bisa zargin cewa shi ba ɗan Nijeriya ba ne. Takardar da aka fitar da shi da ita sunanta "deportation order", kuma shari'ar da ta biyo baya a Babbar Kotun Maiduguri a kan wannan suna ta ta'allaƙa, domin da zarar kotu ta tabbatar cewa ɗan ƙasa ne, takardar ta zama aikin banza, ta kuma umarci a biya shi diyya. Tsarin Mulkin 1999 ya maimaita wannan kariya a sashe na 41, inda ya ce kowane ɗan ƙasa yana da 'yancin tafiya da zama a duk inda ya ga dama a cikin Nijeriya, kuma ba za a fitar da shi daga ƙasar ba, ba za a hana shi shigowa ba.

Duk da wannan, a shekarar 2013, lokacin da hukumomin Legas suka kwashi wasu marasa galihu suka sauke su a Onitsha, jaridun Turanci "deport" suka rubuta, har daga baya gwamnan jihar na lokacin, Babatunde Fashola, ya nemi afuwa. A shekarar 2020 kuma, da annobar korona ta shigo, gwamnonin Arewa suka riƙa loda almajirai a motoci ana kai su jihohin da aka ce nan ne asalinsu, sai muka ga "deport" da "repatriate" da "evacuate" suna yawo a kanun labarai kamar ma'anarsu ɗaya. Ta farko tana mayar da yaron Katsina baƙo a Kano, ta biyu tana nuna kamar daga wata ƙasa aka dawo da shi, ta uku kuma tana nuna ceto shi aka yi daga haɗari. A namu ɓangaren aka riƙa cewa "an mayar da su gida", wadda ita ma tana da nata ɗaurin gindin, domin ta ɗauka cewa an tabbatar da gidan, kuma akwai mai jiran yaron a can. Abin da mai karatu yake buƙatar sani shi ne wa ya ba da umarni, da wace doka, kuma an tambayi yaran ko iyayensu ko ba a tambaye su ba.

Inda "deport" da "expel" suka dace da gaske, abin lura shi ne hukumomi ba su cika son furta su ba. Dokar da gwamnatin Kofi Busia ta kafa a Ghana a watan Nuwamban 1969, wadda ta ba baƙi marasa takardu mako biyu su fice, kuma ta tarwatsa iyalai da yawa na Yarbawa da Hausawan zango, sunanta "Aliens Compliance Order", wato umarnin da ke neman baƙi su bi ƙa'ida. Babu kalmar kora ko ɗaya a cikin sunan. Mu ma da namu lokacin ya zo a watan Janairun 1983, gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takardu mako biyu, aka yi kiyasin mutum kusan miliyan biyu sun fice, kimanin rabinsu 'yan Ghana, sauran kuwa daga Nijar da Chadi da Togo da Benin da wasu ƙasashen maƙwabta. Sunan gaskiya na abin da ya faru bai fito daga ofis ba. Talakawa ne suka raɗa wa jakar leda mai zanen ɗaki-ɗaki da mutanen suka ɗure kayansu a ciki suna "Ghana Must Go", kuma har yau da wannan suna ake sayenta a kasuwar Sabon Gari, galibin masu saye ba su san wahalar da ta haife shi ba.

Wadda ta fi damuna a 'yan shekarun nan ita ce "quit notice". Wannan kalma ce ta dokar haya, kuma na fassara ta a kotu sau ba adadi. Mai gida ne yake ba ɗan haya, kuma tana da ƙa'ida: mai biyan kuɗin shekara ana ba shi wata shida, mai biyan wata-wata ana ba shi wata guda, sai dai idan yarjejeniyarsu ta faɗi wani abu dabam, bayan nan a ba shi wata takardar ta kwana bakwai da ke sanar da shi cewa mai gida zai je kotu. Ko a lokacin ma mai gida ba shi da ikon fitar da ko tabarma, sai alƙali ya yi hukunci, ma'aikatan kotu su zo su zartar, kuma wannan matakin ƙarshen shi ne "eviction". Na sha ganin mai gida ya zo kotu yana huci, ya riga ya cire ƙofa ko ya kware kwanon ɗaki domin ɗan haya ya tashi, yana ɗaga takardar da wani ya buga masa a shagon kwamfuta, alƙali ya duba ya ce masa wannan takarda wa'adi ce kawai, kuma yanzu shi ne mai laifi. Ɗan hayan da ya shigo a sunkuye, da rasit ɗinsa a naɗe cikin leda, sai ka ga ya ɗago kai yana duban tafinta domin ya tabbatar da abin da ya ji.

To, wannan kalmar ce aka ciro daga dokar haya aka shigar da ita siyasar ƙabilanci. A watan Yunin 2017 wasu ƙungiyoyin matasan Arewa suka taru a Kaduna suka ba Inyamurai zuwa 1 ga Oktoba su bar Arewa, kafin su janye maganar a watan Agusta. A watan Janairun 2021 kuma Sunday Igboho, wani ɗan fafutukar Yarbawa, ya ba Fulanin Igangan a Jihar Oyo kwana bakwai su tashi, abin da ya ƙare da ƙone-ƙone. A duka biyun jaridu "quit notice" suka rubuta, namu kuma suka ce "an ba su wa'adi". Duk wanda ya yarda da wannan kalma ya yarda cewa wani ɗan ƙasa mai gida ne, wani kuma ɗan haya, kuma cewa mai maganar yana da hurumin da zai ba da wa'adi. Ba shi da shi, ko daga Arewa ya fito ko daga Kudu. Abin da ya yi sunansa barazana, kuma Hausa tana da wannan kalma, ban ga dalilin da zai sa jarida ta ara masa rigar kotu ba.

A fagen sarauta, Turanci ya raba abubuwa biyu da mukan haɗe. Tuɓe rawani shi ne "depose" ko "dethrone", fitar da sarkin daga ƙasarsa a tsare shi a wani gari kuwa shi ne "banish". Turawan mulki ne suka mayar da na biyun al'ada, tun daga kai Sarkin Kano Alu Lakwaja inda ya rasu a 1926, gwamnatocinmu kuma suka gada: Sarki Muhammadu Sanusi na ɗaya ya zauna a Azare bayan 1963, an kai Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuki Zing a 1996, an kai Sarki Muhammadu Sanusi na biyu Loko sannan Awe a Jihar Nasarawa a watan Maris na 2020. Muhimmancin raba su ya fito fili a watan Nuwamban 2021, lokacin da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukunci cewa fitar da Sarki Sanusi daga Kano da tsare shi ya saɓa wa Tsarin Mulki, ba tare da ta taɓa maganar tuɓewar ba. Wanda aka saba gaya masa duka biyun da kalma ɗaya ba zai fahimci hukuncin ba. Kuskuren da na fi gani a nan shi ne kiran irin wannan zama "gudun hijira", saboda Turanci yakan kira shi "exile". Amma "exile" tana da fuska biyu. Ojukwu da ya tafi Kwaddebuwa a watan Janairun 1970 da ƙafarsa ya tafi, wannan gudun hijira ne. Sarkin da aka sa a mota da 'yan sanda a gaba da baya bai gudu ba, kuma ɗaurin talala ya fi kusa da halin da yake ciki.

Ita kuwa "impeach" tarko ce, domin ma'anarta tana sauyawa da ƙasa. A Nijeriya idan an ce an yi wa gwamna haka, ana nufin majalisa ta tsige shi ya bar kujera, kamar yadda aka yi wa Alhaji Balarabe Musa a Kaduna a watan Yunin 1981. A Amurka kuwa tuhuma ce kawai da Majalisar Wakilai take yi, sannan Majalisar Dattawa ta zauna shari'a. An yi wa Bill Clinton a 1998, an yi wa Donald Trump a 2019 da 2021, kuma ba wanda Majalisar Dattawa ta samu da laifi a cikinsu. Na ji an karanta a rediyo cewa "an tsige shugaban Amurka", washegari kuma ga shi yana jawabi daga fadarsa, masu sauraro a majalisar unguwa suna tambayar juna ko ƙarya aka yi musu. Haka nan "extradite" ba kora ba ce, miƙa wanda ake tuhuma ne ga wata ƙasa domin ya fuskanci shari'a, kamar yadda Nijar ta miƙa Sa'adi Gaddafi ga Libiya a 2014. Jakada kuma ba a yi masa "deport" saboda kariyar da yake da ita, sai dai a ayyana cewa ba a buƙatarsa, abin da Yarjejeniyar Vienna ta 1961 ta tanada da kalmomin Latin "persona non grata". Wannan ne ya sa jakadan Faransa ya iya zama a ofishinsa a Yamai kusan wata guda bayan sojoji sun ba shi sa'o'i 48 a watan Agustan 2023, har sai da ƙasarsa ta janye shi.

A wurin aiki bambancin yakan zama na cin yau da gobe. Wani maƙwabcina, masinja a wata ma'aikata, ya taɓa kawo mini takarda da dare, hannunsa yana rawa, iyalinsa sun riga sun fara kuka domin an ce musu an kore shi. Da na karanta sai na ga "compulsory retirement" aka rubuta, wato ritayar dole, wadda take bar wa mutum haƙƙoƙinsa na ƙarshen aiki. Da "dismissal" ce, to hukunci ne na laifi, wanda a ƙa'idar aikin gwamnati yakan raba mutum da waɗannan haƙƙoƙi, ya kuma rufe masa ƙofar sake samun aikin gwamnati. "Retrenchment" da "redundancy" kuwa rage ma'aikata ne, ba su ɗora wa kowa laifi. Tun zamanin Janar Murtala Muhammad, lokacin da aka sallami ma'aikata fiye da 10,000 a 1975, kalmomin "with immediate effect" suka shiga bakin mutane, kuma tun a wancan jerin sunayen akwai waɗanda aka kora da waɗanda aka yi wa ritaya, amma a gari duka korarru ake ce musu. Jaridar da ta buga cewa "an kori ma'aikata" alhali rage su aka yi, ta shafa wa mutane baƙin fenti a unguwanninsu, kuma gyaran da za ta buga bayan mako guda a ƙasan shafi na ciki ba zai wanke su ba. A makarantu ma haka abin yake, domin "rusticate" dakatarwa ce ta zango ko shekara, "withdraw" galibi saboda faɗuwa jarrabawa ne, "expel" ce kaɗai korar da ba dawowa.

Sai kuma kalmomi masu laushi, waɗanda a ganina sun fi masu kaushin haɗari ga mai fassara, domin idan ya fassara su daidai ma ya yi kuskure. Amurka tun dokar shige da fice ta 1996 ta fi amfani da "removal", kalmar da ake faɗa a kan kwashe kaya. Birtaniya ta raba biyu: "deportation" galibi ga baƙon da kotu ta ɗaure, musamman wanda hukuncinsa ya kai wata 12, "removal" kuwa ga wanda bizarsa ta ƙare ko aka ƙi ba shi mafaka. Iyalin da aka dawo musu da ɗa saboda takarda ta ƙare ba za su gode wa jaridar da ta haɗa shi da ɗaurarru ba. Shirin da gwamnatin Birtaniya ta ƙulla da Ruwanda a 2022 na tura masu neman mafaka can "relocation" aka kira shi, kamar sauyin gida, har Kotun Ƙolin ƙasar ta ce ya saɓa wa doka a 2023, sabuwar gwamnati kuma ta soke shi a 2024. Tun kafin nan, a 2012, Theresa May tana ministar cikin gida ta bayyana manufar "hostile environment", wato a ƙuntata wa marasa takardu wajen samun aiki da haya da asusun banki har su gaji su tafi da kansu. Abin ya faɗa kan mutanen Karebiyan da suka zauna a ƙasar bisa doka tun suna yara, ya zama abin kunyar da ake kira Windrush, wanda ya ci kujerar minista Amber Rudd a 2018. Masu fassara sun yi ta fama da wannan suna, wasu suna cewa "yanayi mai tsauri", alhali kakanninmu sun daɗe da sanin abin, sun kira shi kora da hali.

Kusa da gida, hukumomin Aljeriya sun shafe shekaru suna kwaso baƙin haure a manyan motoci suna sauke su a wani wuri cikin hamada da ake kira "Point Zéro", daga nan su taka kimanin kilomita 15 a ƙasa zuwa Assamaka a cikin Nijar, da mata da yara a cikinsu. Da yawansu daga nan sukan shiga shirin Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya mai suna "assisted voluntary return", wanda aka saba fassarawa da "komawa gida bisa raɗin kai". Ba na raina wannan shiri, domin irinsa ya fitar da dubban 'yan Afirka ta Yamma daga gidajen tsare mutane na Libiya, musamman daga 2017. Amma mutumin da aka jefar a hamada, ko wanda yake kulle kuma sa hannu a takarda ne kaɗai mabuɗin ƙofarsa, raɗin kansa ɗan kaɗan ne. Ya kamata labarin ya faɗi duka biyun: an fara fitar da shi da ƙarfi, sannan ya amince a kai shi gida. Idan aka buga rabin ƙarshe kawai, ƙasar da ta yi korar ta fita daga labarin salin alin.

Akwai kuma kuskuren da yake kishiyar wannan, kuma shi daga kanun labaran Turanci muke kwaso shi. Masu rubuta kanu suna son gajerun kalmomi masu zafi irin su "oust" da "sack" da "boot out" da "kick out", ko salon magana irin "send packing" da "show the door", kuma suna liƙa su a kan kowane irin sauyi. Kotu ta soke zaɓe, su ce "sack". Ɗan takara ya faɗi zaɓe, su ce "oust". Mu kuma sai mu ƙara gishiri mu ce "an fatattaki", ko "an yi masa korar kare", ko ma "an yi waje rod da shi" kamar yadda samari suke faɗa. Fatattaka tana da gudu da tarwatsewa a cikinta, sojoji ne suke fatattakar 'yan bindiga. Tasa ƙeya tana da rakiyar dole, da jami'i a bayanka. Hamɓararwa ta juyin mulki ce. Wanda kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta soke nasararsa yana nan a ofis har ya gama ɗaukaka ƙara, kuma magoya bayansa da suka karanta cewa an fatattake shi suna iya fita titi a kan abin da bai auku ba tukuna.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne ka umarci masu fassara su daina tsayawa a kan kanun labarin kamfanin dillancin labarai, su gangara cikin labarin su nemo takardar da aka ambata, ko hukuncin kotu ne, ko wasiƙar ma'aikata, ko sanarwar wata ƙungiya da ba ta da hurumi, sannan su zaɓi kalmar Hausa da ta dace da abin da aka aikata. Idan kalmar hukuma tana da muhimmanci a labarin, a faɗi cewa hukuma ce ta kira abin haka, kada jarida ta mayar da ita tata. Zai kuma yi amfani idan ka buɗe wannan shafi ga masu karatu na Maraɗi da Damagaram da Agadas, domin su da Faransanci suke fama, kuma kalmar "refoulement" da suke ji kullum a kan waɗanda aka dawo da su daga Aljeriya ita ce Turanci ya ara ya sa a Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yan gudun hijira ta 1951, inda sashe na 33 ya haramta mayar da mai neman mafaka wurin da rayuwarsa take cikin haɗari.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida albarka.

Naka mai karatu,
Tsohon tafintan kotu, Zariya.